Begilar da Ake Zuƙa

Magana ta yi yawo tsakanin masu jinya a Porto-Novo cewa duk mai shanyewar ɓarin jiki da aka miƙa wa ɗan bututun roban numfashi da asibiti ke bayarwa, likita ya gama da shi, ragowar numfashinsa ake tatsewa. Madam Sidoni ta koyar da kimiyya har ta yi furfura, ba ta sayen zance a bakin ƙofar asibiti. Sai dai an ba da bututun ga mijinta Tiyofil, wanda ya tsufa yana busa begila a badujalar rakiyar gawa, kuma tun da aka ba shi ƙafarsa ƙara kumbura take, barci sai a zaune.

Ta bi gidajen waɗanda aka ba kafin shi. Wasu ƙasa ta rufe musu ido. Amma ta tarar da wata tana tuƙa tuwon masara da hannu ɗaya, bututun rataye a wuya. Ta dawo ta ɗora Tiyofil a mota, sai wurin Senami mai koya musu motsa jiki.

"'Yata, abin nan kisa yake ko magani?"

"Mama, naman da ke jan numfashi yake ƙarfafawa, don zuciya ta samu sauƙi. Baba, yi mu gani."

Tiyofil ya cika kumatu ya busa, iska na tsiyaya ta gefen bakin da ya karkace. Ya dubi matarsa yana haki.

"Malama, kin ji? Rabin baki, amma har yanzu ba yaron da zai ja da ni."

"Rufa mana baki, tsohon mabushi."

Senami ba ta yi dariya ba.

"Baba, haka kake yi tun damina?"

"Safe da yamma. Wa zai koya mini busa?"

"Ai zuƙa ake yi."

Sidoni ta tuna yadda take jin busar daga kicin tana yaba masa. Senami ta sassauta bututun har ƙarshe don zuƙa ta yi sauƙi, ta toshe masa hanci, ta riƙe masa leɓen da ya mutu. Ya zuƙa. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ɗan murfin da ke cikin bututun bai ko motsa ba. Ya sake, sai tari.

A hanya ya ce, "Malama, me binciken naki ya nuna?"

"Bututun ba ya kisa. Mun yi shi a juye lokacin da kake da ƙarfin zuƙa. Yanzu ba ka da shi."