Kukan da Aka Yi wa Zadok

Ni ce Fibi, babba a ɗakinmu, kuma ni nake jinyar Mama tun da muka baro ƙauyenmu Tsirma da gudu a shekarar 2014. Ƙanena Zadok shi ne Honarabul. A majalisar jiha yake, yana wakiltar mutanen da rabinsu ba sa zaune a inda yake wakilta, don tun da 'yan bindiga suka ƙone garuruwanmu wasu suna Yola, wasu Kamaru, wasu kuma suna kabari. A waje ranka ya daɗe ake ce masa. Ni da na goya shi, Zadok nake kiransa, shi kuma ya ce mini Adda, wato Yaya.

Mama ba ta da wata magana sai ta komawa gida. Idonta ya tafi, haske da duhu kawai take rarrabewa, tafiya ma sai da sanda, amma duk safiya in na kai mata kunun gyaɗa sai ta tambaye ni ko an yi ruwa a Tsirma. Gidan Zadok na unguwar Gwadabawa a nan Jimeta, mai tayil har banɗaki, ita a wurinta tasha ce kawai take jiran mota. Ta ƙi ɗakin ciki, ta zaɓi ɗan ƙaramin da ke jikin get, wai tana so ta riƙa jin motsin mutane. Kuma ba za ta koma da kowa ba sai da Zadok, domin a garinmu ɗa namiji ne yake fara shiga kango ya ɗora rufi kafin uwa ta kwana a ciki, shi kaɗai kuwa ya rage mata.

Ya yi mata alkawari, kuma ba a ɗaki ba. Ranar sujadar godiya ya tashi a coci, gaban fasto da dattawa, ya ɗaga hannu ya ce wannan zangon shi ne na ƙarshe, in ya gama zai ajiye siyasa ya mayar da tsohuwarsa gida. Ranar Mama ta yi rawa da sandarta har sai da na riƙe ta. Ni ma, wawiya, na yi hawaye.

Da zaɓen fidda gwani ya matso, sai motoci suka fara yawa a ƙofar gida. Sai ga Jerry, mai shirya masa harkar kamfen, kullum da waya biyu a hannu da baki kamar an shafa masa zuma. Na tare Zadok a falo na ce, “Me nake ji a gari?”

Ya ce, “Adda, ba ni nake so ba. Jama'a ne suka matsa.”

“Wace jama'ar?”

“Za ki gani. Amma don Allah kada Mama ta ji tukuna, ni zan faɗa mata da kaina.”

Na ce masa ko kunyar Allah ba ya ji? Ya ci gaba da danna waya. Matsalarsa ɗaya ce, mutumin da ya rantse a coci ba ya tashi kawai ya ce ya fasa. Dole a ga an tilasta masa, a gan shi a talabijin yana ƙi ana roƙonsa. To aikin da aka ba Jerry ke nan. Ya tafi unguwar Yolde Pate a nan Yola, inda matan Tsirma da aka kashe wa mazaje suke zaune a gine-ginen da ba a gama ba, suna sayar da itace da wankau. Ya yi musu alkawarin atamfa da shinkafa, ya ce su zo ƙofar Honarabul su yi kuka su roƙe shi kada ya bar su marayu. Ni ban san ranar ba, ba wanda ya gaya mini.

Ranar na je kasuwar Jimeta nemo wa Mama busasshen kifi. Da hantsi ina dawowa a keke mai ƙafa uku, muna karya kwanar layinmu, sai na ji wani kuka da na sani. Wayyo Allah! Ledar kifin ta suɓuce daga hannuna.

A Tsirma ba a faɗa wa uwa mutuwar ɗanta da baki. Ba wanda zai shiga ya ce mata wane ya rasu. Mata ne suke taruwa a ƙofar gidan, babbarsu ta ja murya sama ta kira sunan mamacin, sauran su amsa da ƙasa suna buga ƙirji. Wannan kukan shi ne sanarwa, kuma ba a yin sa don wani abu daban. Da shi Mama ta san an harbe autanmu Hosea a hanyar gudu, lokacin muna kwana a ajin wata firamare a nan Yola. Shi nake ji yanzu a ƙofar gidanmu, kuma sunan da ake kira Zadok ne.

Na diro daga keken ina ihu, na kutsa cikin matan. Sai na ga masu kyamara. Sai na ga kwalaye an rubuta “Kada ka tafi ka bar mu”. Sai ga Jerry a gefe yana ɗaga musu hannu alamar su ƙara.

Daga baya Maman Endurance, wadda ta ja kukan, ta gaya mini yadda aka yi. Ta ce da suka sauka daga bas sun tsaya ne cirko-cirko, wasu na murmushi, don ba su san yadda ake kukan roƙo ba. Jerry ya yi ta faɗa, wai kyamara ba ta ganin komai, su yi kuka na gaske, su kira sunansa. Shi mutumin kudancin jiha ne, bai san abin da yake nema ba. Ita kuwa ta rasa miji da 'ya'ya maza a rana ɗaya, da ta buɗe baki kukan da ta sani ne ya fito, sauran suka amsa tun kafin su yi tunani. Ta ce, “Fibi, wallahi da ya fara ba mu iya tsayar da shi ba. Kowa nasa yake kuka.” Ban zage ta ba. Waɗanda suka cancanci zagi na zage su.

Na samu Mama a ƙasa, tsakanin gado da ƙofa, ta yage rigarta, bakinta ya karkace. Na fito ina kiran a kawo mota, a daidai lokacin Zadok ya sauko daga bene cikin farar babbar riga, da hankici a hannu, zai je ya share hawaye a gaban kyamara. Yana can sama janareta na ruri, bai ji irin kukan ba sai da ya iso tsakar gida. Na ga fuskarsa lokacin da ya gane. Ya dubi get, ya dubi ɗakin Mama. Jerry ya kama hannunsa ya ce minti biyu kawai, Honarabul. Zadok ya fita wurin matan. Direba ne ya taimake ni muka ɗauke ta zuwa asibiti.

Ba ta mutu ba. Jininta ne ya hau, hannun hagu ya shanye, amma magana ta dawo, hankalinta kuma garau a kan komai, ban da abu ɗaya. Da aka sallame mu Zadok ya durƙusa gaban gadonta ya riƙe hannunta.

“Mama, ni ne. Zadok ne. Ga ni lafiyata ƙalau.”

Ta zare hannunta a hankali. “An yi kukansa. Da kunnena na ji.”

Ya ɗora tafinta a fuskarsa, ta shafa goshi da hanci, ta ce lallai akwai kama. Fasto ya zo ya yi addu'a ya yi bayani, ta ce amin ta gode. Maman Endurance ta zo ta durƙusa tana kuka tana cewa kuskure ne, Mama ta sa mata albarka, ta ce sun yi wa ɗanta kuka mai kyau, ko a gida sai haka.

Da na gaji, na zauna na faɗa mata gaskiya tsirara. Na ce Mama, Zadok ya fasa barin siyasa, zai sake tsayawa, shi ya sa aka ɗauko matan su yi kuka a ce roƙonsa suke yi. Har na ɗauka ta gane. Can ta ce, “Fibi, kada ki yi wa mamaci sharri. Ɗana ya ɗaga hannu a gidan Allah. Ba zai yi haka ba.”

Na fita bayan gida na yi kuka har na ƙoshi. Na tsani Zadok a ranar, ba zan ɓoye ba, kuma har yau abin bai sake ni ba.

Shi ma ya rame. Ya aika aka rufa ɗaki ɗaya a Tsirma da kwano, ya je da kansa ya tsaya a kan aikin, ya dawo ya ce in shirya ta, zai kai ta ko da kamfen zai tsaya. Mota ta zo har ƙofar ɗaki. Na ce Mama tashi, yau za mu gida. Ta riƙe ƙarfen gado da hannunta mai lafiya.

“Ina gawar? Ba zan tafi in bar ɗana a ƙasar Jimeta ba. A kawo shi mu tafi tare.”

Muka yi lallashi, muka yi faɗa, direba ya gaji ya kashe mota. Tun daga ranar ba ta ƙara tambayata ruwan Tsirma ba. Ta sa na ɗaura mata baƙin ɗankwali, ta sa aka shimfiɗa tabarma don masu zuwa gaisuwa, kullum tana tambaya yaushe asibiti za su ba da gawarsa.

Ana jibi zaɓen fidda gwani, da la'asar, tsakar gida cike da daliget ana ta ci ana sha, Zadok ya shigo ɗakin ya cire hula. Mama ta ji takunsa ta ce, “Fibi, baƙo ne? Ba shi wuri.”

Ya zauna a tabarmar. Ya buɗe baki zai ce ni ne, na gani da idona, sai ya rufe.

“Mama, ya haƙuri?”

“Da godiya, ɗan nan. Ka san shi ne?”

“Na san shi.”

“Yaron kirki ne. Shi ne zai kai ni gida.”

Zadok ya ce, “Allah ya ba ki haƙuri, Mama.”

Ta ce amin, ta ce in kawo wa baƙo ruwa. Kafin in dawo da kofin Jerry ya leƙo ya ce ana jira, Zadok ya tashi ya sa hularsa ya bi shi.