Wasan Minti Biyar a Makarantar Anti Zuwaira

Laifin da zan yi magana a kansa shi ne aikin ganin ido. Mai yin sa ya fi malalaci sharri, domin shi malalaci ka san bai yi ba, sai ka nemi wani. Wannan kuwa barin ka zai yi kana ta sa masa albarka, alhali kayanka na lalacewa a hannunsa. In kayan tumatir ne da sauƙi. Na hannun Zuwaira 'ya'yan mutane ne.

A bayan kasuwar Mile One ta Fatakwal ta kama ɗaki biyu, ta shafe su da fenti, ta kafa allo a ƙofa da hoton wani ɗan Bature yana dariya. Makarantar renon yara ke nan, daga 'yan shekara biyu zuwa huɗu. Ta hana a kira ta Malama, wai sai Anti. Matan unguwa kuwa dama abin da suke nema ke nan, don mai tuwo da mai awara tun sassafe suke fita, mazan na rumfar nama ko wajen sauke buhuna. Kafin wata uku ta tara yara ashirin da uku.

Kayan wasa ta saya, ba za a yi mata ƙarya ba. Dokin roba mai taya, motoci, 'yartsana huɗu, littattafan hotuna, da 'yan tubala masu launi na gini. Kullum ƙarfe goma sai ta kwance buhunsu, ta miƙa wa kowane yaro nasa, ta ɗaga waya.

"Oya, kowa ya yi dariya! Sagiru, hau dokin. Kai, wa ya ce ka tuƙa shi? Zama kawai!"

Ta ɗauki hoto, ta tura wa iyaye a guruf ɗinsu na waya. Daga nan kowa ya dire nasa a gabanta, ta mayar buhu ta ɗaure, kada wani abu ya karye. A jera yara jikin bango, yatsa a kan leɓe, har ƙarfe biyu. Ita kuma ta haye kujera tana cinikin atamfa da turaren wuta a waya, silifa ɗaya a hannu saboda mai motsi.

Cikin iyayen ba wadda ta kai Bashira mai tuwo murna. Kowa ya zauna cin abinci sai ta tura masa waya a fuska.

"Ka ga Amatullahi tawa? Gini take yi. Injiniya ce in Allah ya yarda."

Ana nan sai surukarta Hajo ta zo daga Indabawa ta Kano ganin jika. Tsohuwa ta zaro tsarabar 'yar tukunya da ɗan ludayi, ta miƙa wa yarinya. Amatullahi ta karɓa, ta kanga a kumatu, ta washe haƙora. Sannan ta dire a gaban kakarta, ta koma jikin bango ta ɗora yatsa a leɓe.

Hajo ta ce, "Bashira, me ya sami yarinyar nan?"

"Tarbiyya ce, Inna. Haka ake koya musu, ba ƙiriniya."

"Shekara uku ba ƙiriniya? Ubanta yana shekara uku ya ƙona mini zani biyu. Tara na haifa, ban taɓa ganin yaro mai lafiya ya mayar da abin wasa ba."

Kashegari da hantsi tsohuwa ta saɓa mayafi, ta yi ta tambaya har ƙofar makaranta. Ta tarar da ita a kulle, ta kasa kunne, tsit. Ta buga. Zuwaira ta buɗe iyakar inda fuskarta za ta fito.

"Sannu Mama. Ba a shiga lokacin darasi, dokar makarantun ƙasar waje ce."

"Yara ashirin a ciki, ko tari ban ji ba?"

"Nutsuwa ce, Mama."

"'Yar nan, ko a sahun salla ana jin tari."

Aka mayar da ƙofa. Da Bashira ta ji labari ranta ya ɓaci. Ta ce don Allah Inna ta rufa mata asiri, kada Anti ta yi fushi ta kori yarinya, ita kuma ina za ta kai ta, gaban murhu? Hajo dai ta fasa komawa Kano a satin.

Ƙarshen zango Zuwaira ta shirya walima. Ta kafa rumfa, ta yi hayar kujeru, ta gayyato Alhaji Maikuɗi, babba a 'yan albasa. Shi ya yi mata alkawarin ƙasan gidansa na Borokiri ta buɗe reshe, in ya zo ya ga abin da yake gani a hotunan jikansa da ke makarantar. Ta shimfiɗa darduma, ta baje kayan wasa kaf. Yara na jere jikin bango cikin sababbin kaya.

"To yarana, ku nuna wa Alhaji yadda kuke wasa."

Ba wanda ya motsa.

Zuwaira ta maimaita da Turancin buroka: "Make una play now!"

Ido kawai suka zuba mata. Ta juyo tana murmushin dole, ta ce kunyar baƙi suke ji.

Alhaji Maikuɗi ya ce ba kome, bari dai ya ɗauki hoton wurin. Yana ɗaga waya sai yara suka zabura gaba ɗaya. Kowa ya san nasa, ba wanda ya taɓa na wani. Sagiru ya haye doki ya sandare, Amatullahi ta ɗora tubali ɗaya kan ɗaya, yara ashirin da uku jere, haƙora a waje. Iyaye suka ɗau tafi. Alhaji ya sauke waya yana ma sha Allah. Nan take kowa ya kawo nasa ya dire a ƙafar Anti, suka koma bango, yatsa a leɓe.

Tafi ya fara mutuwa. Hajo ta miƙe ta ce, "Bashira, ara mini abar nan taki." Ta ɗaga wayar, a kife ma, don ba ta san gabanta ba. Yara suka sheƙo, suka ɗauka, suka washe baki. Ta sauke, suka mayar. Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya. Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa. A na ukun babu mai dariya.

Tsohuwa ta durƙusa gaban jikarta. "Amatu, in an gama hoto me kuke yi?"

"Shiru."

"Sai kuma me?"

"Sai Umma ta zo."

Bashira ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Muntaka mahauci, uban Sagiru, ya ɗaga dokin ya juya cikinsa sama, ya ce jama'a su duba, wata tara ledar kanti na nan naɗe a taya.

Zuwaira ta ce, "Haba jama'a, ai tattali ne! Kun san tsadar kayan nan? In na sakar musu, kwana biyu ba za su yi ba."

Alhaji Maikuɗi ya gyara hula ya miƙe. Ya ce, "Anti, ni ma nakan jera manya a bakin buhu. Amma wallahi na ƙasan ma albasa ce." Ya kama hannun jikansa ya fita, ko lemon da aka ba shi bai buɗe ba.

Hajo ta ƙara wata biyu a Fatakwal. A tsakar gidan haya take zama da Amatullahi da 'ya'yan maƙwabta, ga gwangwanayen tumatir, ga ƙasa, ga ruwa a roba. Sati uku yarinya na kallo daga jikin bango. Ran nan Bashira ta dawo daga kasuwa ta tarar Amatullahi ta juye mata rabin mudun gari cikin bokiti tana dama shi da takalmin ubanta, tana waƙa. Ta ɗaga hannu za ta make ta, sai ta sauke, ta zauna a ƙasa tana hamdala.

Ita kuwa Zuwaira ga abin da ya fita hannunta. Yara ashirin da uku, ranar komawa biyu suka zo, su ma na ƙanwarta ne. Ƙasan gidan Borokiri, Alhaji ya ba wani mai ɗinki. Matan da ke sayen atamfarta da turarenta, ashe iyayen yaran ne, a yini ɗaya suka fice daga guruf. Ɗakuna biyun, ta saki ɗaya a wannan wata, ɗayan a wata na gaba.