Tabarmar Kashe Ƙara

Noti na huɗu ne ya ƙi kwancewa. Yahaya ya zuba masa baƙin mai, ya ɗan jira, sannan ya ɗora sifana ya danna da dukkan nauyinsa har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Da notin ya saki, ya ɗaga farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar direba ya jingina shi da bango.

Garejin na Rabe ne, a Unguwar Shanu, kuma aikinsa kujeru da cikin mota. Da safen nan ya aika aka kira Yahaya, domin an kawo masa tsohuwar Landiroba, kuma duk unguwar babu wanda ya san cikin irinta kamar Yahaya, tsohon direba. Yahaya bai kai ga taɓa ta ba ya gane ta. An yi mata sabon fenti kore, an sa mata tayoyi masu faɗi, amma waldar da ke gindin sandar giya tana nan, wadda shi da kansa ya tsaya aka yi a wani ƙauye bayan Birnin Gwari. Shekara ashirin da shida ya tuƙa motar nan, yana kai ma'aikatan haƙar rijiyar burtsatse daji. Ya tuɓe riga ya kama aiki.

Rabe ya dafa masa kafaɗa, ya zagayo ta hagunsa kamar yadda duk wanda ya san shi yake yi, ya ɗaga murya. "Malam Yahaya, ga mai motar ya iso da kayan."

Saurayi ne mai kimanin shekara talatin da biyar, cikin farar shadda, yana sauke kwalaye daga but ɗin motar da ya zo da ita. Ya gaishe da Yahaya da ladabi, ya ce sunansa Suhaib. Ya buɗe kwali ɗaya ya zaro wata tabarma mai nauyi, bayanta baƙi mai danƙo kamar kwalta, fuskarta tana ƙyalli. Ya yi bayanin cewa za a manna ta a ƙasan motar da ƙofofi da bangon da ya raba inji da mutane, sannan a bi da soso a kai. In an gama, ƙarar inji ba za ta shigo ba.

"Saboda Abbanmu nake yi," in ji Suhaib. "Ya sha fama da shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce a riƙa fita da shi yana shan iska. Shi kuma ba ya son ko'ina sai gonarsa ta hanyar Zariya, hanyar kuwa sai irin wannan motar. Da na ji ma'aikatarsu ta yi gwanjonta, na bi na samo ta. Sai dai ƙararta ba za ta bar shi ba. Wataƙila ma kun san shi, Injiniya Sanda."

Yahaya yana kallon bakin saurayin ne, don haka sunan bai wuce shi ba. Ya ajiye sifanar a hankali.

Sau uku ya rubuta wa Injiniya Sanda takarda, lokacin Injiniyan yana daraktan sashensu. Ba wani abu ya roƙa ba illa a sa wa ƙasan motar kafet mai kauri, a toshe ramin da ke gefen giyabos, domin in ya dawo daga tafiyar kwana biyar sai ya yi kwana uku kansa yana amsa kuwwa. A karo na uku daraktan ya kira shi ofis, ga mutane zaune, ya ɗaga takardar ya ce, "Motar daji ce, Yahaya, ba ɗakin amarya ba." Aka yi dariya. Bayan shekara shida kunnen dama ya mutu, na hagu ya rage rabi. Ranar da bai ji hon ɗin tirela ba a Kawo, aka karɓe makulli daga hannunsa aka mai da shi gadin ƙofa, kuma Injiniya Sanda ne ya sa hannu a takardar.

"Baba, lafiya?" in ji Suhaib.

"Kawo tabarmar," in ji Yahaya.

Ya yi aikin da zafin da ya ba Rabe mamaki. Ya kankare tsohuwar tsatsa har ƙarfe ya fito fari, ya goge da fetur. Ya shanya tabarmin a rana su yi laushi, ya yanka su daidai kowane lungu, yana mannawa yana murje su da kwalbar lemo don kada iska ta maƙale a ciki. Gefen tabarmar ya yanke masa yatsa, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Duk falle ɗaya da ya manna sai ya tsaya ya dube shi. Ga shi nan ashe, abin da ya roƙa shekara da shekaru, a cikin kwali, aikin yini ɗaya. Jikarsa Atika ta gama haddar izu goma a watan jiya, aka zaunar da shi a sahun gaba, ya yi ta kallon bakinta yana motsi, bai ji karatun ba.

Bayan azahar ya koma ɓangaren fasinja. Da ya ɗaga farantin wajen, ya ga abin da ya san zai gani. Bututun salansa, wanda hayaƙin inji ke bi, ya tsage a daidai inda ya bi ta ƙarƙashin kujerar, kuma ƙarfen da ke samansa ya cinye, ga ƙananan huji baƙi da hayaƙi. A zamaninsa wannan bai dame shi ba, tunda motar duk kafa ce, tagogi kuma a buɗe. Amma Suhaib ya ce zai sa sabbin robobin ƙofa, ya sa na'urar sanyaya iska, a rufe gilashi ruf. Tabarma za ta rufe hujin daga ido, zafi ya ɗaga ta cikin wata guda, hayaƙin ya riƙa taruwa daidai inda tsoho zai zauna.

Rabe yana can yana ɗinkin kujera. Suhaib ya tafi ɗauko mahaifinsa ya ga aikin. Yahaya ya yanko falle daidai wurin, ya ɓare takardar bayansa, ya riƙe shi a kan hujin. Ya daɗe a haka, danƙon yana kama masa yatsu. Babu wanda ya ce masa ya duba bututun salansa. Tabarma aka kira shi ya manna.

Ya yi tsaki, ya dunƙule fallen ya yi jifa da shi har ya bugi ƙofar garejin.

"Rabe!" Muryarsa ta fi yadda ya yi niyya ƙarfi. "A kira mai walda. Ba zan rufe wannan ba sai an sauya bututun nan, an yanke ƙarfen an sa sabo."

Rabe ya leƙa, ya kama baki. "Allah ya kiyaye. Ai da mun kashe mutum."

"Da kun kashe," in ji Yahaya.

La'asar ta yi lokacin da Suhaib ya dawo. Ya buɗe ƙofar baya ta motarsa, Yahaya ya hango wani tsoho a zaune, ya rame, hannu ɗaya a naɗe bisa cinya, gefen bakinsa ya karkace. Rabe ya nuna wa Suhaib tsagewar, ya ce Malam Yahaya ne ya gano. Saurayin ya dafe kai, ya zo ya kama hannun Yahaya da hannu biyu yana godiya.

Yahaya ya zare hannunsa. "Ka san ni?"

"A'a, Baba."

"Ni ne direban motar nan. Tambayi mahaifinka takarda nawa na rubuta masa a kan ƙarar da kake kashewa yau. Tambaye shi abin da ya ce mini a gaban mutane. Kunnena a cikin motar nan ya mutu, ɗan nan, ina roƙo ana dariya. Yanzu da shi zai zauna, an san ƙara tana ciwo."

Masu aikin maƙwabta sun dakata suna kallo. Suhaib ya sunkuyar da kai. Can sai tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya, yana yafito Yahaya.

Yahaya ya yi kamar ba zai je ba, sannan ya taka ya tsaya a bakin ƙofar. Yadda motar ta tsaya, kunnen Yahaya na dama ne ke wajen tsohon. Injiniya Sanda ya kama gefen singiletinsa ya fara magana. Ciwon ya cinye masa murya, bakin kuma ya karkace yadda Yahaya ba ya iya karanta shi. Ya daɗe yana magana, yana tsayawa ya haɗiyi yawu ya ci gaba, idonsa a kan fuskar Yahaya. Juyi ɗaya kawai Yahaya zai yi ya miƙa masa kunnen hagu. Ya tsaya yadda yake har tsohon ya gama ya sake shi.

Suhaib ya matso ta hagunsa, idanunsa sun yi ja. "Baba, in maimaita maka abin da ya ce?"

"Bar shi," in ji Yahaya. "Ka kai shi gida, zafi ya yi masa yawa a nan. Jibi ka zo ka ɗauki motarka."

Ya koma ya durƙusa a ƙofar fasinja, ya fara nuna wa mai walda inda zai yanka.