Motar da Aka Toshe wa Hanci

Yayana Armaya'u ya sayo wata tsohuwar motar manya mai kujerun fata, wadda ta girmi ɗansa na fari. Tun ranar ba mu huta da labarin cututtukanta ba. Yau giya ta ƙi shiga, gobe inji na ɗigar baƙin mai, jibi wani abu na buga ƙarƙashinta kamar ana daka. Amma ka ce ya sayar, sai ya daina gaishe ka.

Da ita muka je Wagini ɗauko Inna, wadda da ƙyar ta yarda ta dawo wurinmu a Safana har gari ya lafa. Kowa ya san mota mai sheƙi a wannan hanya 'yan bindiga take kira. Saboda haka kafin mu fita, Yaya ya kwaɓa laka cikin bokiti ya yaɓe ta gaba da baya, yana yi yana yabon dabararsa.

A dawowa, rana ta fara sanyi, bayan mota cike da buhunan waken Inna, sai allurar zafi ta haye sama. Motar ta fizga, ta sake fizga, ta mutu. Gero ya fi mu tsawo hagu da dama, ba mahaluki a hanya. Wallahi na tsorata, don ba mai son magariba ta riske shi a nan.

"Giyar ce," in ji Yaya, yana zufa. "A'a, famfon ruwa ne. Rashida, kin ji wata ƙara?"

"Ta ƙirjina kawai nake ji, Yaya."

Inna ta fito da butarta, ta ce ko me zai zo, ya same ta da alwala. Ta tsuguna a gaban motar, sai ta tsaya tana kallo.

"Kai Armaya'u, wagga aba ta ina take shan iska?"

Yaya ya leƙa. Lakarsa ta bushe ƙam a kan ragar gaba, ko allura ba za ta wuce ba. Muka hau kankarewa, shi da makulli, ni da muciyar Inna, muka wanke da ruwan jarka, muka jira inji ya huce. Muna cikin jira muka ji ƙarar babur, Inna ta damƙe hannuna. Ashe wani dattijo ne da akuya ɗaure a baya.

Yaya ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta tashi.

Ana kiran magariba muka shiga Safana. Yaya ya shafa sitiyari ya ce, "Ai na faɗa muku lafiyarta ƙalau."

Sai a lokacin Inna ta saki hannuna, yatsunta sun bar mini shaida a fata. Na rasa dariya zan yi ko kuka, na yi duka biyun.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Amma ranar komawa, ɗan nan, jaki za ka nemo mani."