Ƙofar madara ta gidan Leland

Sau biyu a wata guda aka ɗauke maganin Odessa daga bakin ƙofa. Allurar ciwon sukari ce, wadda ake kawowa cikin ƙaramin kwali mai ƙanƙara. Na biyun da rana tsaka aka yi, mijinta Leland yana can baya yana yankan ciyawa. Abin da ya rage a firji na kwana huɗu ne, kuma kantin magani sun ce daga na ranar Alhamis ba za su sake aikowa ba sai wata ya ƙare.

Leland Pruitt tsohon kafinta ne, ba shi da yawan magana, amma ran nan duk layin sai da aka ji muryarsa. Maƙwabcinsa Merle ya tsallako. Shi Merle ba ya rasa shawara, sai dai har yau ba a ga wanda ya bi ta ya ji daɗi ba.

"Tsoho, zo gareji ka ga maganin ɓarawo," in ji Merle.

Kwali ne ya ɗana wa tarko a ciki, da ƙusoshi, duk hannun da ya ɗaga shi sai ya yi jini. Wallahi abin ya burge Leland, don zuciyarsa tafasa take. Ya koma gida ya faɗa wa matarsa.

"Leland, zauna," in ji Odessa. "Shekara ashirin da shida ina buga takardu a kotu. Doka ba ta yarda ka ɗana wa mutum abin da zai ji masa rauni ba, ko da ɓarawo ne. Tarko ba shi da ido. Gobe mai kawo saƙo ce za ta ɗaga, ko jikar wani. In aka ɗaure ka, wa zai riƙa yi min allurar? Merle?"

Leland ya zauna a kicin yana kallon bango, har idonsa ya tsaya kan wani shaci da fenti ya binne. Gidan mahaifinsa ne, wanda ya yi shekara talatin yana raba madara a garin Toledo. A lokacin, akan bar wa gida ɗan rami a bango mai ƙofa biyu: mai madara ya ajiye kwalabe ta waje, uwargida ta ɗauka ta ciki. Shacin wannan ramin ne ya gani.

Kwana biyu ya yi yana kankare fenti. Ya gyara maƙalan ƙofofin, ya sa sakatar da ke kulle kanta da zarar an tura ƙofar waje.

"Shanu za ka saya ne?" Merle ya ɗaga murya daga shinge.

"Kai dai ka tuna inda ka ajiye tarkonka, kada ka zauna a kai," in ji Leland.

Ranar Alhamis da hantsi motar saƙo ta tsaya. Matar da ke tuƙawa ta karanta takardar da Leland ya manna, ta zagaya gefen gida, ta saka kwalin, ta tura ƙofar. Leland yana bayan labule ya ji sakatar ta faɗa. Ba a jima ba wata mota ruwan toka ta biyo sawu. Wani mai hula ya fito, ya duba bakin ƙofa wayam, ya ja 'yar ƙofar sau biyu, ya yi tsaki ya tafi da hannunsa lafiya, kuma babu komai a ciki.

Leland ya buɗe ƙofar ciki. Kwalin na nan da sanyinsa. A jikin katakon, inda ya kankare, rubutun mahaifinsa da fensir ya fito: kwalba biyu, Talata da Juma'a. Alfahari ya cika shi, na kansa da na tsohon, har sai da ya share ido da bayan hannu.

"To, mai madara," in ji Odessa tana naɗe hannun riga, "za ka yi min allurar ko sai ka gama kallon bango?"

Ya wanke hannu, ya jawo kujera kusa da ita.