Sunan Ɗan Fari

"Ku ɗora ni a kan karon jaki," in ji Hajiya Atine. "In sai na buɗe baki za su yarda ni na haife shi, mu je."

Katanga ɗaya ce tsakanina da ita a Gadarif, kuma tun kaka take kwance, ko kunu ba ya zama a cikinta. Duk unguwa babu wanda ya kai ta ƙin bitaƙa, katin shaidar nan da hukuma ta wajabta. Cewa take, "Yau sun ɗauki fuskarka da yatsanka, gobe su leƙa tukunyarka." Mun sha musu da ita har shayi ya huce.

Amma ɗanta Jibrin direban tarakta ne a Gedambaliya, mai gona kuwa ya ce ba bitaƙa, ba aiki. A ofis aka ce masa baƙo ne, shi da aka yanke wa cibiya a garin Mafaza, cikin ƙasar nan! Tunda ubansa ya rasu, sai uwa ta zo ta shaida.

Ga inda gizo ke saƙar: Jibrin ɗan fari ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya. "Wancan" take ce masa, har ya yi furfura.

Muka shimfiɗa ta a karon jaki, ina tare mata rana da mayafina. Raina a ɓace yake da hukuma, wallahi.

Da muka isa ofis, ma'aikacin ko kai bai ɗago ba, ya nuna Jibrin da biro. "Ya Hajja, wannan waye?"

"Na gidana ne."

"Suna nake so. Ismu?"

Ta dubi ɗan nata. Sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe zaune.

"Jibrin. Jibrin ɗan Kassim. Ni na haife shi. Rubuta da kyau, ba zan maimaita ba."

Jibrin ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Ba ta ga katin ba. Ranar da za ta cika, da hantsi, ina zaune a bakin gadonta, shi kuma yana tsakar gida yana gyaran igiya. Ta buɗe ido.

"Jibrin," ta ce a hankali, "ba ni ruwa."

Ya kawo da gudu, rabi ya zube a hanya. Ta kurɓa sau ɗaya.

Har aka dawo daga maƙabarta kofin yana nan a ƙarƙashin gado, da sauran ruwan a ciki. Ya hana kowa ɗauka.