Farin Gwangwanin da Baba Ya Sayo

"Ka ja bakinka ka yi shiru, shi ke nan," in ji Baba. "Wa zai sani?"

"Ni," na ce.

"Ji shi! Kai ne likitan?"

Farin gwangwanin yana kan teburin kicin, tsakanina da shi. Yayata Majken ce ta kifa shi a wurin don mu ga ƙananan rubutun da ke gindinsa. Ita tana tsaye jikin firiza, ta harɗe hannu, ko rigar aikinta ta gidan tsofaffi ba ta cire ba.

"Babu taba a ciki," Baba ya ce, yana ƙwanƙwasa murfin da yatsa. "Ga shi nan da manyan baƙaƙe."

"Babu ganyen taba," in ji Majken. "Nikotin kuwa ya fi na naka yawa. Shekara hamsin da takwas, Baba, ba ka iya juya gwangwani ka duba gindinsa ba?"

"Ke da kika iya, ina kika shiga sati uku?"

"Ina dafa wa ɗanka miya roba arba'in."

Saura kwana goma sha tara a yi mini tiyata, kuma ɗaya daga cikin jakunkunan gwangwanin nan tana ƙarƙashin leɓena a lokacin. Na zaro ta na ajiye a gefen faranti.

Shekara biyu da wata bakwai ke nan ƙarafan gyaran haƙora suna bakina. Muƙamuƙina na ƙasa ya wuce na sama, irin na Baba, irin na kakana. A makaranta Durowa suke ce mini. "Vidar, tura durowarka ciki, za a yi tuntuɓe." Ban taɓa gatsar tuffa da haƙoran gaba ba. In na ciji burodi, naman da ke ciki sai ya zamo gaba ɗaya ya rataya a haɓata. Ƙarafan kuma ba gyara suka yi ba. Haƙoran da suka karkace suna neman juna, su aka miƙar, ratar ta ƙara faɗi. Tun farko an gaya mini sai abin ya ƙara muni kafin a yanka ƙashi a daidaita. Da wannan bakin na gama sakandare. A hoton ranar, farar hula a kaina, kowa yana dariya, ni baki a rufe.

Sha huɗu ga Oktoba aka ba ni. Za a jawo na sama gaba milimita biyar, a mayar da na ƙasa baya milimita huɗu, a ɗaure da ƙananan ƙarafa.

A watan Agusta na shiga bas na awa uku zuwa asibitin birni don a yi awo na ƙarshe. A takardar da aka ba ni akwai tambaya, ko ina shan taba. Na ce a'a. Ba ƙarya na yi ba. A garinmu babu mai kiran snus shan taba. 'Yar jaka ce da ba ta kai kan yatsa ba, ka tura ta ƙarƙashin leɓen sama ka ci gaba da aikinka. Ba hayaƙi, ba tari. Limamin coci yana sawa, malamar lissafi tana sawa. Ni tun ina shekara sha biyar na fara, a garejin tayoyin Baba.

Likitar, Ylva, ta ɗaga leɓena da yatsa. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan gurbin fa?" Ta danna inda dasashina ya lotsa. "Shekara nawa?"

"Biyar."

"Daidai nan wuƙata za ta bi."

Ta yi mini bayani ba tare da faɗa ba. Nikotin yana matse jijiyoyin jini. Ƙashin da aka yanka, in jini bai ishe shi ba, ba ya haɗewa. Sati shida kafin tiyata, sati shida bayanta, ko ɗaya kada in sa. Saura sati guda za a gwada fitsarina. In an ga wani abu, ranar ta zama ta wani.

Biyu ga Satumba na daina. Kwana huɗu ban san inda kaina yake ba. Na yi wa wata tsohuwa tsawa a kan iskar taya, na ɗaure noti har ya tsinke. A rana ta biyar Baba ya ajiye farin gwangwani a kan injin cire taya, bai kalle ni ba.

"Na 'yan mata ne," ya ce. "Ƙamshin na'a-na'a. Babu taba a ciki."

Sai da ya tuƙa mota zuwa gari na gaba ya sayo, don kada abokan farautarsa su gan shi da shi. Na sa ɗaya. Kafin minti biyu kaina ya washe. Daga nan ya kamata in gane. Ina jin ma na gane. Ban dai juya gwangwanin ba.

Yau Majken ta zo da injin markaɗe, da sirinjin da zan riƙa zuƙar abinci, da ƙaramin allo na rubutu don kwanakin da ba zan iya magana ba. Tana neman wurin ajiye su ta ci karo da gwangwanin.

"Gaya masa gaskiya," Baba ya ce mata. "Gwajin nan saura kwana sha biyu. In ya daina yau, za su ga wani abu?"

Majken ta kalli silin. "Da wuya."

"To ka ji!"

"Fitsari aka tambaye ni," in ji ta. "Ba a tambaye ni ƙashi ba."

"Ƙashi! Kakanku ya karya ƙafa a daji, da snus a bakinsa aka ɗora shi, ya warke har ya yi rawa a bikina." Ya juyo gare ni. "Ka yi tunani, yaro. In suka ɗaga, ina za su kai ka? Bayan sabuwar shekara. Wata huɗu kuma da wayoyin nan. Ko su jefa ka tsakiyar Nuwamba, lokacin da duk garin ya yi layi a ƙofata yana neman tayoyin lokacin ƙanƙara. Duk a kan me? A kan alewar na'a-na'a."

"Sau ɗaya za a yanka ni," na ce.

"To a yanka mana!"

"In bai haɗe ba, sau biyu ne."

Ya tura kujerarsa baya. "Ni da haɓar nan na ci nama, na yi aure, na haife ku. Uwarku ba ta taɓa kuka da ita ba."

"Ta dai tafi," in ji Majken.

"Ba don haɓa ta tafi ba, marar kunya."

Na tashi na bar su. Layin wayar nas ɗin tiyata daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu yake buɗe, kuma ɗaya ta wuce da kwata. Na tsallaka tsakar gida na shiga gareji, na zauna a kan tulin tayoyi. A bango, kusa da makunnin fitila, na rubuta sha huɗu ga Oktoba da alli tun watan Mayu. Na ɗan kalle shi. Sannan na kira.

Gunvor ce ta ɗauka. Ita take riƙe da takarduna tun farko.

"Vidar! Yaya ƙugiyoyin da aka sa maka a wayar haƙora, suna cin kumatu?"

"Suna ci. Ba shi ya sa na kira ba."

Na gaya mata duka. Farin gwangwani, sati uku, shida ko bakwai a rana.

"Ta ƙarshe yaushe?"

"Minti ashirin da suka wuce."

Ta yi ajiyar zuciya. "Ku mutanen can arewa, za ku kashe ni. Ba kai ne na farko ba. Sai dai yawanci ba sa kira." Na ji tana danne-danne. "Sai na ga Ylva. Kada ka yi nisa da wayarka."

Na koma aiki. Akwai mota a kan jek, na cire tayoyinta huɗu na sa wasu. Harshena yana ta komawa gurbin nan, babu komai a ciki. Gwangwanin Baba, baƙin, yana kan benci inda yake barinsa kullum. Na ɗauke shi na sa masa a aljihun rigar aikinsa da ke rataye, na zuge zif.

Uku saura ta kira.

"Sha huɗu ta tafi," in ji Gunvor. "Ylva ba za ta taɓa ka ba sai sati shidanka sun cika. Uku ga Fabrairu nake da ita. Amma na sa sunanka a jerin masu jiran ko-ta-kwana. In wani ya fasa daga tsakiyar Nuwamba, zan kira ka, ka shigo bas a ranar. Sharaɗin ka san shi."

"Na sani."

"Ba fari, ba baƙi, ba cingam mai nikotin na kantin magani."

"Na sani."

"Za ka iya?"

"Zan iya."

Na goge allin da tafin hannu. Na rubuta uku ga Fabrairu. A ƙarƙashinsa na ja layi guda, na yau. Sannan na je kicin na ɗauko farin gwangwanin, na buɗe shi a kan duron baƙin mai, na juye.

Majken ta biyo ni har ƙofar gareji. "Miyar fa? Firiza ya cika, ga naman farauta yana zuwa."

"Baba ya sha."

"Ni ba jariri ba ne," in ji Baba daga bayanta.

Ya shigo a hankali. Ya tsaya gaban bangon ya karanta. Na jira ya yi maganar Nuwamba da layin motoci, bai yi ba. Hannunsa ya tafi kan benci neman gwangwaninsa, bai samu ba, ya laluba aljihun wando, sannan ya bari. Ya kalli duron, inda fararen jakunkunan suke nitsewa ɗaya bayan ɗaya.

"Wata huɗu," ya ce.

"Da kwana tara."

Na ɗauki taya ta gaba na ɗora a kan inji. Harshena ya sake komawa gurbin nan. Na riƙe ƙarfen da kyau.

Baba yana nan tsaye. Ya kai hannu ya shafa haɓarsa, tun daga kunne har gaba, kamar mai duba ko aski ya fita.

"Wai har haka ta dame ka, haɓar nan tamu?"

Majken ta sunkuya tana gyara igiyar takalminta. Ni kuma na taka injin.